Baƙin Ɗakin Malam

Na daɗe ina kewaye wannan shekarar. Na ba ku labarin ƙuruciyata, na ba ku labarin koyarwata a firamaren garinmu har alli ya gaji da ni, amma duk sanda na iso shekarar da babanku ya kwanta sai in ajiye biro in ce idona ke ciwo. Ba ido ba ne. Abin da ya sa na daina kewaye-kewayen wata magana ce da na ji a bakin jikata ranar sunan da aka yi kwanan baya. Tana hira da 'yan'uwanta, ba ta san ina bayan labule ba, ta ce ai Inna ce ta hana a kai Kaka birni a yi masa magani, shi ya sa ya rasu. Ba da ƙeta ta faɗa ba, ta faɗa ne kamar abin da kowa ya sani. Nan na gane maganar ta riga ta zauna a gidajenku, kuma in na tafi da bakina a rufe haka za ta tabbata. Magaji, kai ne babba, kai kuma abin ya fi shafa, don haka ka nemi wuri ka zauna ka karanta da kanka, kada ka ce ƙanwarka Hauwa ta taƙaita maka.

Kun san babanku manomi ne, amma ban tabbata kun san zurfin abin ba, don kun tashi a makaranta, gona ta zame muku aikin hutu. A ƙasarmu gona manne take da gona, daga bayan gidanmu har ka ɓulla titin Tsanyawa ba za ka ga inda aka bari banza ba, kuma a cikinsu duka ana gane ta Malam daga nesa saboda miƙewar kunyoyinta. Mutum ne da in ya je gaisuwar mutuwa wani gari, sai ya gama ba ni labarin ƙasarsu, ja ce ko jigawa, kafin ya tuna ya gaya min wanda ya rasu. A kakar shekarar nan yana cikin ɗaurin damin gero ya yanke jiki ya faɗi. Aka kawo shi gida a amalanke, Magaji ya zo da mota muka wuce asibiti a birni. Da aka sallamo mu ɓarinsa na hagu ya shanye, bakinsa ya karkace, in ya yi magana ni kaɗai nake tsintar ta, ni ma rabi da rabi. Abin da ya fi ciwon tayar min da hankali shi ne yadda ya juya fuskarsa ga bango. Abokansa su taso daga masallaci su yi sallama a zaure, ya ɗaga hannu ya nuna min in ce yana barci. Tuwo sai na yi ta lallashi kafin ya karɓi 'yar loma. Na auri mutum mai surutu da tsokana, sai ga ni zaune da wanda ba ya ko kallona, kuma wallahi na ji tsoro.

Haka muka ci rani. Da bazara ta shigo, zafi ya fara dukan kwanon ɗaki, sai ga Hauwa ta sauko daga motar kasuwa riƙe da ɗan kwali kamar mai ɗauke da ƙwai. Mijinta yana da lambun sayar da furanni a bakin titi a Kano, ita ma ta koyi abin a hannunsa. Ta durƙusa gaban gadon babanta ta buɗe. Wasu tsirrai ne guda uku, kowanne bai wuce tafin hannu ba, ganyensu sirara masu launin toka, kamar kan abarba da aka yanke aka yar. Ba tukunya, ba ƙasa, ba saiwar kirki.

"Baba, ga aiki na kawo maka," in ji ta. "Waɗannan ba a shuka su, ba sa son ƙasa sam. A rataye su kawai inda haske ke shigowa. Ta ganye suke shan ruwa."

Ni na riga kowa magana, don kun san ban iya shiru ba.

"Ke Hauwa, a rasa abin da za a kawo wa manomi sai ciyawar da ta raina ƙasa?"

Sai na ji wani sauti daga gado. Na ɗauka tari ne, har na miƙe zan ɗauko ruwa, ashe dariya ce da rabin baki. Ya juyo, ya miƙa hannunsa mai lafiya ya ɗauki ɗaya, ya kifa shi yana neman saiwa. Ya daɗe yana dubawa, sannan ya faɗi wata kalma da sai da ya maimaita na gane.

"Baƙi."

Sunan da ya bi su ke nan a gidanmu. Hauwa ta samo busasshen reshen magarya ta ɗaure su a jiki da zare, ta rataye kusa da taga. Ta yi mana bayani, a riƙa tsoma su a ruwa da safe lokaci-lokaci, a fitar a kakkaɓe, a bari su bushe sarai kafin a mayar. Na ce to, na ji. Washegari ta koma gidanta ta bar mu da baƙi.

Ba a jima ba matsala ta farko ta taso, kuma daga babanku ta fito. Ya yini yana kallon su a rataye, ransa ya ƙi kwanciya. Ya yi ta nuna min su yana cewa yunwa, yunwa. A ganinsa zalunci ne a bar abu mai rai yana lilo a sama ba abin da yake ci. Ni ma a raina na yarda da shi, don ban taɓa ganin abin da ya yi albarka ba ƙasa ba, na kuma ɗauka yaran birni ne da ƙaƙale. Amma shi manomi ne mai hankali, bai yarda a taɓa su duka ba, ya ce a gwada da ɗaya. Ya sa na aika aka ɗebo ƙasa daga gonarsa ta bayan gida, ba ta kowa ba, aka haɗa da takin awaki a tsohon kasko, ya dasa shi da hannunsa ya danna gindin kamar mai dashen tumatir. Safe da yamma ina zuba ruwa yana kallo. Ranar da ya ce in miƙo masa kaskon ya duba, yana taɓa ganyen tsakiya sai ya zare ya biyo hannunsa, gindin ya yi baƙi yana wari. Na kira Hauwa a waya na gaya mata.

"Inna, kun binne shi da rai!" ta ce. "Gindinsa ba ya son laima. Ƙasa ta riƙe masa ruwa, dole ya ruɓe."

"To ai babanki ne," na ce.

"Ke kuma kina ina?"

Malam ya riƙe mataccen tsiron a hannu yini guda, yana mamakin wai ƙasarsa ce, wadda ta ciyar da mu shekara da shekaru, ta kashe abu. Hankalina ya tashi, na ce shi ke nan, zai koma wa bangonsa. Amma da gari ya waye sai na ji yana buga gefen gado da zobensa. Ƙwarya yake so, da ruwa.

Daga ranar ya zama ma'aikaci, ni kuma 'yar aikensa. Biyun da suka rage sun ba mu wahala iya wahala. Ganyensu ya fara naɗewa, bakin ganyen ya bushe ya yi ja. Ni ban ga komai ba sai da ya nuna min, ya ce haka gero ke naɗe ganye in ruwa ya ɗauke, ƙishi suke ji. Zafin bazara da bushewar iska sun fi ƙarfin ɗan tsomawar da nake yi musu, sai ya sa ake barin su a ƙwarya su jiƙu sosai kafin a fitar. Sannan ya lura ranar la'asar tana shigowa ta taga ta sauka a kansu kai tsaye tana ƙona su, aka matsar da reshen gefen da akwai haske amma rana ba ta isa. Muna cewa mun huta sai wani fari-fari ya fara kwanciya a ganyen. Ya lakata da yatsa ya ɗanɗana, ya yamutsa fuska. Zartsin rijiyarmu ne. Ruwan da mu muka saba sha ba mu ji komai, baƙi sun ce ba su iya ba. Haka na koma ɗebo musu ruwan daɗi daga rijiyar gidan liman, ina tafe ina mita, na ce na ga ranar da ciyawa ta fi ni gata a gidan mijina.

"Kishi, Malama?" ya ce. Malama yake kirana tun ina koyarwa, in zai tsokane ni.

Na fita tsakar gida na share hawaye, don rabon da ya tsokane ni tun kafin ya faɗi. Wurin kakkaɓewar ma akwai abin da na gani na yi kamar ban gani ba. In ya fito da tsiron daga ruwa sai ya sa shi a mataccen hannunsa, ya naɗe yatsun da hannu mai lafiya, ya girgiza su tare, sannan ya kife shi a kan faifai don ruwan da ya maƙale a tsakiya ya tsiyaye. Duk motsa hannun da likita ya ce ya riƙa yi ya ƙi, ga shi yana yi saboda baƙi.

Matsala ta gaba ba wanda zai same ta sai mu. Gwaggonku Atine, yayar Malam, wadda katanga ɗaya ta raba gidanmu da nata, ta rasu yanzu, Allah ya jiƙanta, don haka zan iya faɗa ba ta ji ta zo ta ci ni da faɗa ba. Tun ranar da aka kawo ni take kirana Amarya, har na yi furfura ba ta sauya ba. Ta shigo duba ƙaninta, ta ɗaga kai ta ga reshen, ta tsaya cak.

"Amarya, kin san abin da ke rataye a ɗakin nan kuwa? Kauci ne."

Ku da kuka tashi a birni wataƙila kun manta, kauci shi ne tsiron nan da ke fitowa a kan reshen kaɗanya ko ɗorawa, ba ya taɓa ƙasa, kuma mutanenmu sun yarda da shi ƙwarai wajen magani.

"Ba kauci ba ne, Yaya. Daga lambun mijin Hauwa aka kawo."

"Ke da bokonki. Wanda ke kan bishiya ma tafiya ake a nemo shi, balle wannan da bai nemi ko bishiyar ba? Allah ne ya kawo muku waraka har ɗaki kuna ado da ita."

Na yi dariya na manta. Bayan 'yan kwanaki sai ganyen babban cikinsu ya fara raguwa. Na zargi ɓera, na zargi ƙadangare, na zargi akuyar da ke leƙo ɗaki, na ɗaga reshen sama, ba abin da ya sauya. Na sake kiran Hauwa. Ta tambaye ni ko gindin ya yi laushi, na ce a'a. Ko ina ganin ganyen a ƙasa in ya zube, na ce ko ɗaya.

"To Inna, wannan ba ciwo ba ne, hannu ne."

A daidai kwanakin nan kuwa Gwaggo kullum sai ta shigo da hantsi in na shiga madafa, da ɗan kofi na ruwan ɗumi, ta ce tofi ne. Shi kuma da ko maganin asibiti sai an yi fama, ya karɓa ya shanye ba musu. Wata safiya na dawo ɗaukar faifai, na tarar da ita ta yi ɗage a kan yatsun ƙafa. Babban ta riga ta gama da shi, saura kututture, ta miƙa hannu ga ƙaramin. Ba ta gan ni ba. Malam kuwa idonsa biyu. Sai na ji muryarsa, tar, kalma bayan kalma, irin wadda ban ji ba tun ranar da ya faɗi.

"Yaya, na sha ɗaya. Ki bar min ɗayan."

Ta daskare. Sannan ta zube a ƙasa ta fashe da kuka tana tafa hannu.

"Amarya, kin ji? Bakinsa ya buɗe! Ban gaya miki kauci ba ne?"

Har ta koma ga Allah ba wanda ya raba ta da wannan, ni ma na daina gwadawa. Da ta fita na tambaye shi ko ya sani. Ya ce tun ranar farko. Na ce ka sani kake sha? Ya ce ita ma tana son ta yi wani abu, in ya hana ta me za ta yi da hannunta. Wanda ta tsige bai tashi ba, muka rage da baƙo ɗaya.

Damina ta sauka, muka huta da rijiyar liman, na riƙa tarar ruwan sama a tulu. Malam ya rage tsomawar da kansa, ya ce iska ta yi laima, in aka ci gaba kamar bazara wannan ma ruɓewa zai yi, kullum sai ya shinshina gindin kafin ya mayar. Gero ya kai gwiwa lokacin da ka zo, Magaji. Ka zo da shiri mai kyau, kuma ina so ka san ban taɓa shakkar hakan ba. Ka gyara ɗaki a gidanka na Kano, ka sayi gado, ka sami mai gashin ƙashi da zai riƙa zuwa, ka ce mu tattara mu koma can gaba ɗaya. Ƙauna ce ta kawo ka. Amma ka zauna a ɗakin, tsakaninka da shi bai wuce miƙa hannu ba, duk maganar da ni ka yi. Inna, yana cin abinci? Inna, a haɗa masa kayansa. Inna, zai fi jin daɗi a can. Ba laifinka ba ne, ka saba da shi ba ya iya amsawa, ba ka san bakin ya fara dawowa ba. Ka ce za ka dawo ƙarshen mako da mota, ka tafi.

Yanzu zan faɗi abin da ba wanda ya sani. Ni na so tafiyar. Bayana ya gaji da ɗaga shi, na gaji da wankin zannuwa, na gaji da jin tsoro ni kaɗai. Har na fara ware kayan da zan ɗauka. Washegari da safe na kawo masa ƙwarya, ya tsoma baƙonsa, ya daɗe yana kallon ruwan.

"Malama, kin lura? Biyun nan ba wanda mugunta ta kashe. Ɗaya ni na binne shi don kar ya ji yunwa. Ɗaya Yaya ta tsige shi don in warke."

"To, sai me?"

"Yaron nan zai kai ni bene ya kwantar. Zai yi min komai, ba abin da zai rage min in yi. Ba zan ji an yi ruwa ba sai an gaya min. Ba zan kai kaka ba."

"To ka gaya masa mana. Ai bakinka ya buɗe."

"A'a. Ke za ki ce ba ki yarda ba. Ki ce ke ce."

Raina ya ɓaci, na faɗa masa maganganu. Na ce ka san halin ɗanka, zai riƙe ni. Ya ce ya sani. Na ce ka san in wani abu ya same ka ni za a nuna da yatsa. Ya ce ya sani. Na ce to don me ni? Bai ba ni dalili ba, ya dube ni kawai.

"Na roƙe ki."

Duk zaman da muka yi bai taɓa gaya min wannan kalmar ba. Yakan ce yi kaza, ko ya bi ta wasa har in yi. Na amsa masa, ba don na tabbata yana da gaskiya ba, sai don mutumin da aka karɓe wa gona da ƙafa da hannu abu ɗaya ya rage masa, ya zaɓi inda zai kwanta, ni kuma ban iya karɓe masa wannan ba. Na je na mayar da kayan da na ware cikin akwati.

Ka tuna ranar, ba sai na tuna maka ba. Ka shimfiɗa katifa a bayan mota. Na tare ka a tsakar gida tun ba ka ƙarasa ɗakin ba.

"Ba inda za mu."

"Inna, kamar yaya? Na gama shiri fa."

"Na ji. Ni ba zan bar gidana in je in zauna a bene ba, kuma ba za a ɗauke min miji ba."

"Inna, lafiyarsa ake magana, ba gida ba."

"Na gama magana."

Ka wuce ni ka shiga, ka durƙusa, ranar ce ka yi masa magana kai tsaye.

"Baba, ka ji abin da Inna ke faɗa?"

Ya lumshe ido. Ina tsaye a bakin ƙofa ina jiran ya ji tausayina ya faɗi gaskiya.

"Abin da uwarku ta ce," ya ce.

Ka fito idonka ya kaɗa. Na dafa maka dambun da kake so, ko kallonsa ba ka yi ba. A zaure ka juyo ka ce, Inna, in wani abu ya faru ki tuna na zo. Na ji tashin motar, na shiga madafa na zauna kusa da murhu don a ce hayaƙi ne.

Ba zan ce muku ya warke ba, kun san bai sake takawa ba. Ba zan kuma ce ciyawa ce ta yi masa magani ba, wannan na bar wa Gwaggonku. Abin da na gani kawai zan faɗa. Bayan tafiyarka ya ce a fitar da shi zaure. Aka shimfiɗa masa buzu, aka rataye baƙon a inda yake ganinsa, abokansa suka dawo. Rabinsu baƙon suka zo gani, su zauna su yi ta musu a kan abin da yake ci, shi kuma yana ta yi musu bayani kamar a gonarsa ya tsiro. Daga kan buzun nan ya tafiyar da noman shekarar, ya san ranar da za a yi maimai, ya san wanda ya yi masa ha'inci a kunya tun daga yadda mutumin ya yi sallama. In hadari ya haɗu shi ke fara jin ƙanshinsa ya ce a kwashe shanya. Ya ci tuwo har yana cewa miyata ba gishiri. Babban yatsansa na hagu ya fara motsi, har ya iya riƙe baƙon ba tare da taimakon ɗaya hannun ba. Ya kai kaka, aka shigo da dami ta gabansa yana ƙirgawa da ido. Kai kuma ba ka yi sakaci ba, magani bai taɓa yankewa ba, ka samo mai gashin ƙashi yana zuwa ranar kasuwa. Ka zo da sallah ka durƙusa ka gaishe ni yadda ya kamata, amma idonka yana wani wuri, kuma har yau a can yake.

Da kaka ta yi nisa baƙon ya yi abin da ba mu zata ba. Ganyen tsakiyarsa ya yi ja, ya fitar da ɗan fure shuɗi. Malam ya sa aka kira duk wanda ke wucewa ya gani. Amma bayan furen ya bushe sai tsiron ya fara ja da baya, ganyen waje suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Ya ƙara ruwa, ya rage ruwa, ya sauya masa wuri, ya zargi hayaƙin turaren da nake sa wa ɗaki har ya hana ni, duk a banza. A ƙarshe ya ce in kira Hauwa in sa masa wayar a kunne. Ta ce, Baba, ba abin da ka yi ba daidai ba, haka suke, sau ɗaya suke fure a rayuwarsu, daga nan sai su yi ta raguwa. Ta ce ya duba gindin. Ya ɗaga ganyen ƙasa da yatsa, sai ga wasu 'yan ƙanana sun leƙo. Ta ce kada a raba su da shi tukunna, a bar su su yi ƙwari.

"To ba ciwo ba ne," ya ce da na karɓi wayar. "Gamawa ya yi."

Daga nan bai sake wahalar da kansa ba, ya ci gaba da tsoma shi saboda ƙananan. Da rani ya yi tsakiya ciwon ya sake bugunsa wata safiya bayan ya karya, kafin azahar Allah ya karɓi abinsa, a ɗakinsa, kaina a kusa da nasa. Ka zo, ka yi duk abin da ɗa ke yi wa uba. Ba ka ce min komai ba, kuma da ka faɗa min magana da ya fi min sauƙi. Na so in gaya maka a lokacin, sai na ga zai zama na ɗora wa mamaci abin da ba zai iya tashi ya amsa ba, kai kuma za ka ji kamar ubanka ya ƙi gidanka. Na yi shiru, shirun ya yi ta tsawo har na rasa ta inda zan kama shi. Ko da ya je Kano zai ƙara kwana? Ban sani ba. Na tambayi kaina wannan fiye da yadda kai ka tambaya.

Saura magana ɗaya. 'Yan kwanaki kafin rasuwarsa ina goge masa hannu da safe, sai ya tambaye ni.

"Har yanzu yana fushi da ke?"

"Ka fi ni sani."

Ya kama yatsuna da hannun nan nasa mai rauni.

"Ki yi haƙuri, Malama. Na duba ne na ga dole ya yi fushi da ɗayanmu. In da ni ya yi, na tafi, ina zai same ni mu shirya? Haka zai ɗauki abin har ƙarshen ransa. Ke kuwa kina nan. Duk ranar da ya huce zai tarar da ke."

Magaji, ka ji dalilin. Ba gidanka ya ƙi ba, kai yake karewa, ni ya bar maka. Ba na neman ka ce na yi daidai, ni ma ban sani ba. Na zauna inda ya ajiye ni, ina ta jira. Amma babanka ya yi shirinsa ne a kan zan daɗe, wannan kuwa ba a hannunsa yake ba, ba a nawa ba, kuma bana in na je rijiya sai na huta a hanya. Ka zo tun ina nan.